Wasan Ƙarshe Ba Ya Sallama

Ma'aikacin Gwamnati ya san ranar da zai bar aiki tun ran da ya kama shi. Abin a rubuce yake cikin fayil: in ya cika shekara 35 yana aiki, ko ya kai shekara 60 da haihuwa, sai ya sauka. Malaman makaranta ne aka yi wa dokar ƙarin shekara biyar-biyar cikin 2022. Saboda haka mutum yana da damar shiri. Ya sayi ɗan fili, ya kafa 'yar gona, ya aurad da 'ya'ya. Ran da zai tafi a tara abokan aiki, a yi jawabi, a ba shi agogon bango ko darduma, ya miƙa makullan ofis, ya koma gida jiran fansho. Ko ya ji zafin rabuwa, zafi ne wanda ya daɗe yana hangen zuwansa.

Ɗan wasa kuwa ba shi da fayil. Aikinsa a jikinsa yake, a gwiwa da idon sawu da numfashi, su kuwa waɗannan ba su ba da notis. Don haka in an tambayi abin da ɗan wasa ke ji a ransa ran da ya yi wasansa na ƙarshe, sai a fara da wata tambaya tukuna: shin ya ma san na ƙarshen ne? Galibinsu ba su sani ba. Sukan fita daga fili suna shirin wasan mako mai zuwa. Sai bayan wata shida, ko shekara biyu, sa'an nan su waiwaya su gane ashe tun ran nan aka yi ta ta ƙare.

Wanda duk ya bi ta Unguwar Dosa da la'asar sakaliya, ko Badarawa, ko Kawo, zai tarad da samari a filayen makarantu sun kafa duwatsu biyu a madadin raga, ƙura na tashi, kowa ya ari sunan wani gwani ya laƙaba wa kansa. Ba kuwa a banza suke wannan buri ba, gama Kaduna ta haifi 'yan ƙwallo waɗanda duniya ta san da su. Ran 21 ga watan Yuni, 1994, a birnin Dallas na Amurka, Nijeriya ta buga wasanta na farko a gasar cin Kofin Duniya, ta ci Bulgeriya 3 da nema. Wanda ya jefa ƙwallon farko Rashidi Yekini ne, wanda ya jefa ta biyu Daniel Amokachi, dukansu haifaffun Kaduna. Cikin 1996, da aka ci Ajantina 3 da 2 aka ɗauko lambar zinariya ta wasannin Olimfik, biyu daga cikin ukun nan 'yan Kaduna suka jefa su, watau Celestine Babayaro da Amokachi. Ga kuma Tijjani Babangida, ga Garba Lawal. Yaron Unguwar Dosa ya haddace labarin yadda kowannensu ya shiga. Abin da ba a cika ba shi labari ba shi ne yadda suka fita.

Bari mu fara da Amokachi, don labarinsa ya fi nuna abin da muke nufi. An haife shi cikin watan Disamba, 1972. Ya yi suna a kulob ɗin Ranchers Bees na nan Kaduna, wanda ya ci kofin Afirka ta Yamma cikin 1989. Yana ɗan shekara 17 aka tafi da shi Aljeriya gasar cin Kofin Afirka ta 1990, a shekarar kuma kulob ɗin Brugge na Beljiyam ya ɗauke shi. Daga can sai Everton a Ingila. Ƙarfin ƙirjinsa da yadda yake kutsawa cikin masu tsaron baya suka sa aka yi masa laƙabi da Bijimi.

Akwai wani abu da ya yi a Ingila cikin watan Afrilu, 1995, wanda har yanzu mutanen Everton ke ba da labari suna dariya. Ana wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA, tsakaninsu da Tottenham, shi yana zaune a benci. Wani ɗan wasansu, Paul Rideout, ya ji ciwo, ana duba shi a gefen fili. Kafin mai horad da su, Joe Royle, ya yanke shawara, sai kawai aka ga Amokachi a cikin fili, ya sa kansa. Ya kuwa jefa ƙwallo biyu, aka tashi 4 da 1. Daga baya suka ɗauki kofin.

To, ka riƙe wannan a ranka, ya mai karatu: mutum ne wanda ya taɓa shiga fili ba da iznin kowa ba. Shekara uku bayan haka, a gasar Kofin Duniya ta 1998 a Faransa, gwiwa ta sa shi gaba. Wasa ɗaya tak ya samu bugawa, shi ma da Bulgeriya. Cikin 1999 ya rabu da kulob ɗin Besiktas na Turkiyya, yana da shekara 26, lokacin da ɗan ƙwallo ke kan ganiyarsa. Ya nufi 1860 Munich a Jamus, likitoci suka duba gwiwar suka ce a'a. Ya gwada a Ingila, ya gwada a Faransa, cikin 2002 ya haye Amurka wajen Colorado Rapids, suka sallame shi tun ba a fara wasannin shekarar ba. Bai sake samun gindin zama a wani babban kulob ba.

Ina wasan ƙarshe a nan? An yi shi, amma ba wanda ya tashi tsaye ya tafa, ba wanda ya ɗauke shi a kafaɗa, shi kansa bai tsaya ya ƙare wa filin kallo ba, don a zatonsa zai dawo. Mai irin wannan rabo ba ya yin baƙin cikinsa rana ɗaya ya huta. Yana shan sa ne kaɗan-kaɗan a ɗakin jiran likita, da filin jirgin sama, da ɗakin masauki a garin da bai san kowa ba, kullum da sauran tsammani. Tsammanin nan kuwa shi ne mugun abu, gama shi ke hana mutum ya yi kuka ya share hawaye ya nemi wata sana'a. Allah ya taimaki Amokachi ya sami hanya: ya koma horad da 'yan wasa, yana cikin mataimakan Stephen Keshi sa'ad da Nijeriya ta ci Kofin Afirka cikin 2013. Ba kowa ke dacewa haka ba.

Wani kuma jikinsa lafiya lau, alƙalamin wani ne ke yanke masa. Tijjani Babangida, wanda ya jefa wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a Ikko cikin 2000, ya je gasar Kofin Afirka a Mali a farkon 2002 yana cikin manya. Bayan 'yan watanni aka fitad da sunayen masu zuwa Kofin Duniya, ba nasa, ba na Sunday Oliseh, ba na Finidi George. Akwai kuma wanda ajali ne ya busa masa usur. Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Ikko ran 12 ga watan Agusta, 1989, ana tsakiyar wasa da Angola, yana ɗan shekara 25. Wannan sai dai addu'a.

Sai mu juya ga 'yan kaɗan ɗin da suka san ranarsu. Mai kallo yakan ɗauka su ne suka more, kuma da gaskiyarsa, amma sanin ma kaya ne. Ɗan wasa yakan yi kyau ne sa'ad da ya manta da kansa, ƙafa na aiki, zuciya ba ta lissafi. Ran da ya san ba zai sake ba, sai lissafi ya shigo. Ɗaura igiyar takalmi, wannan ne na ƙarshe. Warin man zafi a ɗakin sa kaya, barkwancin abokai, ihun 'yan kallo in an leƙo daga ƙofa, kome sai ya tsaya masa a rai, abubuwan da shekara goma sha biyar yana wuce su bai kula ba. Ga shi kuma ana bukatar ya yi wasa kamar kullum, gama abokin karawa bai zo taya shi ban kwana ba, ya zo ne ya ci. Sa'an nan ga tsoro iri guda wanda bai san shi ba tun yana yaro, watau tsoron kada abin da zai yi yau ya zama shi za a riƙa tunawa, ba kuwa gobe balle ya gyara.

Dubi Zinedine Zidane na Faransa. Tun watan Afrilu, 2006, ya sanad da duniya zai bari bayan Kofin Duniya. Allah ya kai shi har wasan ƙarshe, ran 9 ga watan Yuli, a birnin Balin, da Italiya. Minti 7 da farawa ya jefa ƙwallo. Wane ban kwana ya fi wannan? Amma a minti na 110, saura minti goma ya gama sana'arsa da mutunci, Marco Materazzi ya gaya masa baƙar magana, ya juyo ya tunkuye shi da ka a ƙirji. Alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati. Ya wuce ta gefen kofin, kansa a sunkuye, bai dube shi ba, Italiya kuwa ta ɗauka. Mutumin da ya ci Kofin Duniya cikin 1998, yau yaro ƙarami in an ambaci sunansa sai ya fara tuna karon nan. A ganinmu ba baƙar maganar kaɗai ta tunzura shi ba, ya sha jin irinta. Tulu ne ya cika fal, ɗigo ɗaya ya sa ya zuba.

Jay-Jay Okocha ya fi shi dacen fita. Ya yi wa Nijeriya wasansa na ƙarshe a Alƙahira cikin watan Fabrairu, 2006, wajen neman na uku a Kofin Afirka, aka ci Senegal ɗaya da nema. Wanda ya jefa ƙwallon kuwa Garba Lawal ne, ɗan Kaduna. Idon duniya duk yana kan Okocha. Shi Lawal, wanda ya yi aikin, shekarar ce ta ƙarshe da ya sa rigar Nijeriya, ba a kuwa yi wani biki ba. Haka abin yake: a fili ɗaya, a rana ɗaya, wani na ban kwana da kiɗa, wani na yi shiru.

Dattawan da suka yi karatun jarida kafin samun mulkin kai za su tuna Hogan Bassey, mutumin Kalaba, ɗan Nijeriya na farko da ya zama zakaran duniya a damben Turawa. Ya ci kambin a Faris cikin watan Yuni, 1957, da ya buge Cherif Hamia. Cikin watan Maris, 1959, Davey Moore na Amurka ya ƙwace shi a Los Angeles. Suka sake karawa cikin watan Agusta, Moore ya sake rinjaye. Bassey yana da shekara 27 kacal, da sauran kuɗi a hannun masu shirya dambe in yana so. Ya ce ya isa. Ya komo gida ya shiga koyad da samari, ya rayu har 1998. Shi kuwa Moore, wanda ya yi nasara, ya ci gaba, cikin watan Maris, 1963, ya kara da Sugar Ramos, ya sha duka, ya koma ɗakin sa kaya har ya yi magana da 'yan jarida, sa'an nan ya suma. Bai farfaɗo ba, bayan 'yan kwanaki ya rasu.

Akwai wani abu da 'yan wasa ke ji ran ƙarshe wanda kunya ke hana su faɗi da wuri, shi ne sauƙi. Wanda ya shekara goma yana auna abin da zai ci, yana tashi gudu tun assalatu, yana kwana da ciwo, yana jin zagin mutanen da ba su taɓa buga ko lemo ba, in ya sauke kayan nan dole ya ji iska ta ratsa shi. Ga baƙin ciki, ga sauƙi, a zuciya ɗaya, a sa'a ɗaya. Shi ya sa za ka ga ƙato yana kuka yana dariya, a tambaye shi me ya ji, ya rasa ta cewa.

Amma in ana son a gane ainihin abin da ke ciwo, sai a bar Turai a zo gidan damben gargajiya. Kowa ya san yadda ake yi: a naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da zare, ɗaya hannun ya zama garkuwa, a yi turmi uku, wanda ya kai ƙasa a ce an kashe shi. Lura da kalmar nan. Bahaushe bai ce an kayar ba, ya ce an kashe, alhali ga mutum ya tashi yana karkaɗe ƙura. Kuma kowane ɗan damben kirki yana da takensa. In makaɗi ya ɗora kalangu ya buga taken, ko mutum yana bayan taro yana cin abinci sai tsikar jikinsa ta tashi, ya zaburo, ya shigo fage yana kirari. To, ran da ƙarfi ya fara ja da baya, taken bai san an tsufa ba. Makaɗi zai buga shi daidai yadda ya saba, jiki zai amsa daidai yadda ya saba, sai an shiga fage hannu ya makara da ƙiftawar ido ɗaya, yaron da aka haifa bayan ka fara dambe ya shimfiɗe ka. Faɗuwar ba ita ce abin ba, ya sha faɗuwa. Abin shi ne kaka mai zuwa, sa'ad da zai zauna a gefe yana naɗa wa wani zare, ya ji makaɗin nan nasa, da kalangun nan, yana wasa wani.

Waɗanda ba su taɓa ganin Shago da ido ba sun san shi ta bakin Ɗan Anace, kuma Shagon da suka sani ba ya tsufa, kullum yana tsakiyar fage. Waƙa takan tsayad da mutum a ranar ƙarfinsa. Shi kuwa mai jikin dole ya wuce ranar, ya ci gaba da zama cikin mutanen da ke dubansa suna neman wancan. Akawu in ya yi ritaya sunansa na nan, Malam wane ne jiya, Malam wane ne yau. Ɗan wasa kuwa tun yana ɗan shekara goma sha biyu ba a san shi da kome ba sai wasan, shi ma bai san kansa da kome ba. Ran da wasan ya ƙare sai ya zama tsohon wane, yana da shekara talatin, gemunsa baƙi ƙirin.

Malaman makaranta sun fi kowa ganin wannan, ko da ba su ba shi suna ba. Gama mafi yawan samarin da ke tayad da ƙura a Unguwar Dosa ba za su ga Beljiyam ba. Wasansu na ƙarshe za su yi shi ne a gasar makarantu, ko a kofin unguwa da ake sa wa lokacin hutu, suna da shekara goma sha takwas ko ashirin, daga nan sai kasuwa, ko gareji, ko neman aiki. Malamin wasanni ya san yaron da ke zama shi kaɗai a bakin fili bayan an watse, yana jan ciyawa, ya ƙi cire riga. Kuskure ne a ce masa, "Tashi, ai wasa ne." A wurinsa ba wasa ba ne, wurin nan kaɗai ne aka taɓa kiran sunansa da ƙarfi don ya yi abin kirki. Gara a zauna kusa da shi a yi shiru tukuna. Maganar littafi da jarrabawa, wadda ita ce gaskiya, ta jira gobe, in ya so a yi masa ita da nauyi.

Saura wanda ya ƙi yarda a yi na ƙarshen. An haifi Rashidi Yekini a Kaduna cikin watan Oktoba, 1963. Ya fara da kulob ɗin masaƙar UNTL, a hayin kudu na Kogin Kaduna, daga nan ya tafi Shooting Stars na Ibadan, sai Abiola Babes, sai Africa Sports a birnin Abijan, sai Setubal a Fotugal, inda ya fi kowa jefa ƙwallo a ƙasar a kakar 1993 zuwa 1994. Shi aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1993. Ya ci wa Nijeriya ƙwallo 37. Hotonsa na Dallas, ya shige cikin raga ya cusa hannuwa ya riƙe zaren yana girgizawa yana ihu, ba gidan mai son ƙwallo a ƙasar nan da ba a san shi ba.

Ran 28 ga watan Yuni, 1998, Denmak ta fitad da Nijeriya daga Kofin Duniya da ci 4 da 1. Yekini ya shigo ne daga benci bayan an dawo hutun rabin lokaci, an riga an yi nisa da cin mu, ɗayan da muka samu kuwa Babangida ya jefa. Daga ran nan bai sake sa rigar Nijeriya ba. Yana da shekara 34, lokacin da tsararrakinsa ke neman abin yi. Shi sai ya ci gaba. Ya buga a Tunisiya, ya buga a ƙasar Makka, ya koma Abijan, ya dawo gida wajen Julius Berger cikin 2002. Aka ɗauka an gama. Cikin 2005, yana da shekara 41, sai ga shi a kulob ɗin Gateway na Abeokuta, yana tsere da yaran da suka girma da hotonsa manne a bangon ɗakinsu. Mutumin da ya buga gaban dubban mutane a Amurka da Faransa, ga shi cikin motar 'yan wasa yana bin hanyoyinmu daga wannan gari zuwa wancan.

Waɗansu sun yi masa dariya, waɗansu sun ji tausayi. Mu dai ba mu ga abin dariya ba. An ce sabo turken wawa, amma turken nan ba wawa kaɗai yake ɗaurewa ba. Yekini mutum ne mai kawaici, ba mai son taro ba, ba mai yawan magana ba. Wuri ɗaya ne a duniya inda bakinsa ke buɗewa, watau gaban raga. Wanda aka ce ya bar wurin nan, ina aka ce ya tafi?

Bayan Gateway ya zauna a Ibadan, ya janye jikinsa daga mutane. Bai nemi aikin horad da 'yan wasa ba, bai shiga rediyo ko talabijin yana sharhi ba. Mutanen garin sun sha ba da labarin yadda yakan zo filin wasa ya yi ta motsa jiki kamar mai shirin wasan Asabar. Ya rasu ran 4 ga watan Mayu, 2012, yana da shekara 48, aka kai shi garin Ira a Jihar Kwara aka yi masa sutura. Allah ya jiƙansa.